Wanda Ya Ba Da Ƙoda, Wa Zai Nome Masa Gona?

Ciwon ƙoda ya daina zama labarin birni. A ƙauyukanmu ma yanzu akan ji an ce wane yana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, an sayar da shanun huɗa, an jinginar da fadama, daga baya likita ya ce sai an yi dashe. Sa'an nan dangi su taru a duba wanda jininsa ya dace da na majinyacin, ko ƙane, ko ƙanwa, ko ɗa, ko matar aure. Idan Allah ya sa an yi aikin lafiya, hankalin kowa yakan koma kan wanda aka dasa wa. Shi ake ambata cikin addu'a ran Lahadi, shi ake tara wa gudummawa, shi ake zuwa gaisarwa. Wanda ya ba da ƙodar kuwa sai a ce masa sannu da ƙoƙari, a ɗauka magana ta ƙare, tun da shi da ma lafiyarsa ƙalau.

Magana ba ta ƙare ba, 'yan'uwa. Mutumin nan ya shiga asibiti da ƙafarsa, ba abin da yake damunsa, ya fito da rauni a ciki. Ma'aikacin ofis yana iya komawa kan kujerarsa bayan mako 3 ko 4. Manomi ba shi da kujera. Aikinsa duka da ƙugu da ciki ake yinsa, watau daidai wurin da aka yanka. Saboda haka muna so mu bayyana abin da yake faruwa da jikin mai ba da ƙoda, da irin jinyar da yake bukata, da kuma abin da ya rataya a wuyan ƙungiyarmu ta manoma idan ɗaya daga cikinmu ne.

Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya?

I, yana rayuwa, har ya tsufa. Ran 23 ga Disamba 1954, a birnin Boston na Amurka, aka cire ƙoda daga jikin wani saurayi mai suna Ronald Herrick, likita Joseph Murray ya dasa wa ɗan'uwan tagwaicinsa Richard. Wannan shi ne dashen ƙoda na farko da ya yi nasara. Richard ya ƙara shekara 8 a duniya, ya yi aure, ya haifu. Ronald, wanda ya bayar, ya zama malamin lissafi, ya yi shekara 56 da ƙoda ɗaya, sai a 2010 ya rasu yana da shekara 79. A Nijeriya an soma dashen a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas na Legas. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya soma a 2002, na Maiduguri kuma a 2010. Kusan duk ƙodar da ake dasawa a ƙasar nan daga jikin mai rai take fitowa.

Aikin ƙoda shi ne tace jini. Guda biyun nan, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, suna tace ruwa wajen lita 180 a yini, watau kusan duro guda. Mafi yawansa sukan mayar cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi ko biyu, shi ne fitsari. Idan an cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma kaɗan, ta ƙara ƙwazo, har ta riƙa yin kimanin kashi 70 cikin 100 na aikin da su biyun suke yi. Wannan ya ishi mutum ya yi noma, ya yi aure, ya haifu. Sai dai ba shi da ta ajiya kuma. Gidan da yake da rijiya ɗaya yana shan ruwa ya ƙoshi, amma ba ya barin a yi wasa da bakinta.

Fiɗar kanta iri biyu ce. Akwai ta dā, wadda ake tsaga kwiɓi tsaga mai tsawo. Akwai wadda aka soma a 1995, ta huda ciki wuri 3 ko 4, a hura iska, a sa 'yar na'urar gani da kayan aiki, sa'an nan a fitar da ƙodar ta wani ɗan yanka a ƙasan ciki. Yawanci ta hagu ake ɗauka, gama jijiyarta ta fi tsawo, ta fi sauƙin dasawa. Aikin yakan ci sa'a 2 zuwa 3. Wanda aka yi wa ta huda yakan fita asibiti cikin kwana 2 ko 3, na tsaga kuwa yakan kusan mako. Hatsarin mutuwa ƙanƙane ne. A Amurka, wani bincike na 2010 ya sami kimanin mutum 3 cikin 10,000, wani na 2024 kuma ya nuna ya ragu, bai kai 1 cikin 10,000 ba.

Kwanakin farko

Tun washegarin aiki nas za ta ce masa ya tashi ya taka. Dangi kan ga kamar rashin tausayi ne. Ba haka ba ne. Idan mutum ya kwanta bai motsa ba, jini yana iya daskarewa cikin jijiyar ƙafa, gudan ya ɓalle ya toshe huhu, abin da yake kisa farat ɗaya. Tafiya ce take hana wannan, ita ce kuma take tada hanji. Sai a riƙe shi ya taka kaɗan, ya huta, ya sāke. Ya riƙa jan numfashi mai zurfi. In tari ya zo, ya rungumi matashin kai a cikinsa ya yi, kada ya danne shi.

Akwai abubuwan da suke tsorata mutane, alhali ba kome ba ne. Wanda aka yi wa ta huda yakan ji ciwo a kafaɗa, ragowar iskar da aka hura ce, takan wuce cikin 'yan kwanaki. Ciki yakan ɗaure saboda maganin kashe zafi. Ruwa, da gwanda, da miyar ganye, da tafiya su ne maganinsa, kada ya yi yunƙuri da ƙarfi a bayan gida. Sai gajiya. Wannan ita ce take daɗewa, har mako 4 ko fiye mutum yana jin kamar an zare masa laka. Ba lalaci ba ne, jiki ne yake gyara kansa.

Idan gida da nisa, shawararmu ita ce kada a yi saurin tafiya. A nemi masauki kusa da asibitin, ya zauna har likita ya sāke duba shi bayan mako ɗaya ko biyu. A nan ekklisiyarmu ta birnin za ta iya taimako, idan pasto ya rubuta wa ɗan'uwansa tun da wuri. Ran komawa kuma a mota, a riƙa tsayawa yana saukowa yana miƙe ƙafa. Ba a ɗora shi bayan babur a hanyar burji.

Raunin kuwa a bar shi a bushe da tsabta, a bi abin da nas ta koya. Ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa masa man shanu, ko toka, ko garin magani. Ba mai jego ba ne.

Mako shida

Ga inda mu manoma muka fi faɗawa cikin wahala. Fata takan haɗe cikin kwana 10 zuwa 14, mutum ya duba ya ga tabo, ya ce ya warke. Amma a ƙarƙashin fata akwai naman ciki da aka ɗinke, shi kuwa sai ya yi mako 6 kafin ya soma ƙarfi, bai kuma gama ƙwari ba sai bayan watanni. Duk wanda ya taɓa ɗora kaya kan katangar da ba ta bushe ba ya san abin da muke nufi. Idan ɗinkin ciki ya buɗe, hanji yakan turo ta wurin ya yi ƙullutu, watau ƙaba, sai an koma an sāke fiɗa. Kuɗi sabo, jinya sabuwa, damina ta wuce.

Ka'idar likitoci ita ce, mako 6 ba ya ɗaga abin da ya fi kilo 5. Mu auna da kayanmu. Kilo 5 tiya biyu ce ta hatsi. Jarkar ruwa ta lita 25 ta ninka haka sau 5. Buhun taki ya ninka sau 10, buhun masara sau 20. Saboda haka ba garma, ba fartanya, ba gatari, ba jan guga, ba riƙon shanun huɗa, ba goyon tankin feshi, ba ɗaukar dami. In mace ce, ba daka, ba ɗaukar ruwa ko itace, ba goyo, ba tuƙin tuwon gida mai yawa. Abin da aka yardar masa shi ne tafiya, kowace rana ya ƙara nisa. Yana iya ɓarar gyaɗa, ko tsinkar wake, ko saƙar tabarma a inuwa. Yana iya zuwa gona ya zauna gindin itace ya ga abin da ake yi, in dai zai iya riƙe hannunsa.

Bayan mako 6 ba tsalle ake yi a koma ba. Mai aikin ƙarfi yakan bukaci mako 8 zuwa 12 kafin ya koma sosai, wanda aka yi wa tsaga ya fi daɗewa. Ya soma da rabin safiya, da aiki mara nauyi. Likitan da ya yi aikin shi ne zai ce lokaci ya yi. Amma sai an faɗa masa gaskiya. Idan an ce masa "manomi ne" kawai, yana iya zaton mai tarakta ne. A ce masa da garmar hannu yake huɗa.

Mun san abin da yake tada mutum daga shimfiɗa kafin lokaci. Ba taurin kai ba ne kullum. Ruwa ya sauka, maƙwabta sun yi shuka, ciyawa ta rufe gonarsa, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin gida kuma duk sun tafi wajen jinyar ɗan'uwan. Wa zai iya kwanciya? Faɗa masa ya huta ba shi da amfani in ba a ɗauke masa abin da yake hana shi hutun ba.

Abin da ƙungiya za ta yi

Dashe daga mai rai ba kamar haɗarin mota ba ne, akan sa masa rana. Idan halin majinyacin ya yarda, a roƙi likita a sa ranar bayan girbi, wajen Disamba ko Janairu. Hatsi yana rumbu, sanyi yana taimakon mai rauni, kafin sharar gona ya sami wata 3. Idan kuwa majinyacin ba zai iya jira ba, ba a jinkirta ran mutum saboda gona. A yi aikin, ƙungiya ta ɗauki gonar.

Ɗaukar gona ba gayyar yini ɗaya ba ce. Gayyar yini ɗaya tana da daɗi, a yi kiɗa, a sha kunu, a watse. Amma gona tana bukatar shuka, da firi, da sa taki, da maimai, da huɗa, kowane a lokacinsa. Tun kafin a tafi asibiti shugaba da magatakarda su zauna da mutumin, a rubuta gonakinsa da dabbobinsa, a rubuta sunan wanda zai tsaya a kan kowane aiki da ranarsa. Kada a bar shi ya yi cefanen gayyar, kowa ya zo da abincinsa. In yana da bashin taki ko na iri a ƙungiya, a ɗaga masa zuwa kaka ta gaba, a sa cikin littafi domin kada magana ta taso daga baya. In yana cikin adashi, a ba shi ɗauka da wuri. Matasa su ɗauki ɗiban ruwa da kiwo. Zumuntar Mata ta raba kwanaki, musamman in mace ce ta bayar, gama aikin mace ba ya jiran damina, kullum yana nan. Mun lura gonar namiji takan sami masu gayya da sauri, turmin mace kuwa ba mai tunawa da shi.

Idan an tara gudummawa, a ware kason mai bayarwa tun farko: kuɗin mota, da masauki, da gwaje-gwajen da zai riƙa yi. In ba a ware ba, maganin wanda aka dasa wa zai cinye duka, gama shi har iyakar ransa yake shan magani mai tsada.

Ci da sha, da magani

Ba shi da wani abinci na dabam. Tuwo, da wake, da ƙwai, da kifi, da zogale, duk ya ci. Abin da zai rage shi ne gishiri, domin gishiri yana kawo hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babban maƙiyin ƙoda. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a yini ya isa, har da wanda yake cikin dunƙulen Maggi da ire-irensa. A ƙara daddawa a rage dunƙule. Kunun kanwa da muke ba mara ƙarfi kada a ba shi, gama kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Taba ya bar ta. Burkutu ma haka.

Ruwa kuwa ya sha sosai, ya tafi da gora gona. Ma'auninsa fitsari: in ya fito fari-fari, ruwa ya isa, in ya yi ja kamar shayi, bai isa ba. A bazara ya yi sammako ya tashi kafin rana ta take. Gudawa da amai, waɗanda wani zai yi wasa da su, shi kada ya yi. Ya soma ruwan gishiri da sukari nan da nan, ya tafi asibiti. Azumin da ba a shan ruwa, kada ya shiga sai ya tambayi likita, dattawa kuma kada su ga laifinsa.

Magani shi ne tarkon da ya fi kama manomi. Mun saba, in an tashi daga gona jiki yana ciwo, a tsaya wajen mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa a ce a haɗa na ciwon jiki. Cikin haɗin nan sau da yawa akwai waɗanda suke rage jinin da yake shiga ƙoda, balle ga wanda ya yini yana gumi. Ya duba jikin kwali. In ya ga Ibuprofen, ko Diclofenac, ko Piroxicam, ko Feldene, ba nasa ba ne. Farasitamol yana iya sha bisa ƙa'ida. Allurar Gentamicin ma tana taɓa ƙoda, kada a yi masa sai da sanin likita. Jiƙe-jiƙen gargajiya da na kwalba da ake cewa suna wanke ƙoda, ya nisance su, ba wanda ya auna abin da yake ciki. Duk inda ya je neman magani, kalmarsa ta farko ita ce, "Ƙodata ɗaya ce." Wajen feshi kuma, maganin ciyawa mai Paraquat yana lalata ƙoda in ya shiga jiki. A ganinmu gara a ba wani ya yi masa feshin.

Ga alamun da ba a kwana da su a gida cikin makonnin farko. Zazzaɓi, kada a ce na sauro ne a sayi magani a zauna. Rauni ya yi ja, ya kumbura, ko yana fid da ruwa ko mugunya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo. Numfashi ya yi wuya ko ƙirji yana suka. Fitsari ya tsaya, ko ya zo da jini. Amai ya ƙi tsayawa, ciki ya kumbura. Ko da tsakar dare ne a nemi mota. Lambar wayar asibitin da aka yi aikin ta kasance a hannun mutum biyu ko uku, ba shi kaɗai ba.

Aure, da haihuwa, da zuciya

Ana cewa wanda ya ba da ƙoda ya zama rabin mutum, ba zai ƙara haihuwa ba. Ba gaskiya ba ne. Ƙoda ba ita take ba da haihuwa ba. Miji da mata suna iya komawa shimfiɗarsu idan rauni ya warke, ciwo ya tafi, yawanci bayan mako 4 zuwa 6. Mace dai ta dakata da ɗaukar ciki, likitoci sukan ce wata 6 zuwa shekara guda. In ta samu, ta soma awo da wuri, ta faɗa musu, ta kuma haihu a asibiti. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2015 ya sami hawan jinin masu ciki ga 11 cikin 100 na matan da suka ba da ƙoda, ga sauran mata kuwa 5 cikin 100. Yawancinsu sun sauka lafiya.

Akwai kuma jinyar da ba a gani. Wani yakan shiga baƙin ciki bayan aikin, bai san dalili ba. Jarumin gona ya koma ana miƙo masa ruwa. Mafi zafi shi ne idan jikin ɗan'uwan ya ƙi karɓar ƙodar, ko ya rasu. Mai bayarwa yakan ce tasa ce ba ta da kyau. Pasto da dattawa su je wurinsa shi kansa, ba su leƙa shi a kan hanyar gaida majinyacin ba. Su zauna su ji ta bakinsa. In barci ya ƙaurace masa, ya daina ci, ya daina shiga mutane, a gaya wa likita, gama wannan ma ciwo ne mai magani.

Duk abin da muka faɗa game da kyauta ne. Sayar da ƙoda laifi ne bisa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta kuma hana a cire ta daga wanda bai kai shekara 18 ba. A 2023 kotu a Landan ta ɗaure tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, shekara 9 da wata 8, a kan kai wani saurayi ɗan talla daga Legas domin a cire ƙodarsa. Mu gargaɗi samarinmu masu zuwa cin rani. Dillali yana nan har ranar aiki, bayan haka ba mai tambayar yadda rauni yake.

Bayan an warke

Rauni yana warkewa, amma dubawa ba ta ƙarewa. Zai koma asibiti a wata na 6, da shekara 1, da shekara 2, daga nan kowace shekara har iyakar ransa. Abu uku ake dubawa: awon jini na hannu, da fitsari, da gwajin jini mai nuna ƙarfin ƙoda. Awon sukari ma yana da kyau a haɗa. Wani bincike na Amurka a 2014 ya nuna waɗanda ƙodarsu ta gaza cikin shekara 15 bayan bayarwa ba su kai 1 cikin 100 ba. Kaɗan ne, amma sun fi na waɗanda ba su bayar ba, baƙar fata kuma sun fi yawa a ciki. Ga shi kuma mai bayarwa sau da yawa jini ɗaya ne da majinyacin, abin da ya kama wancan yana iya bin gida. Ciwon ƙoda ba ya yin zafi sai ya yi nisa, don haka jin ƙarfi a jiki ba hujja ba ce ta ƙin zuwa.

Awon jini na hannu ba sai an je birni ba, ɗakin shan magani na ekklisiya ko na gwamnati yana yi. Ƙungiyar da take da hali ta sayi ma'aunin mai batir, a riƙa auna kowa ranar taro, ba mai ƙoda ɗaya kaɗai ba. A saya masa ɗan littafi, a rubuta ranar aikin, da gefen da aka cire, da sunan asibitin, da sakamakon kowane awo. Gwajin shekara kuwa a ɗaura shi da lokacin da ba a mantawa, kamar makon bikin godiyar kaka, sa'ad da akwai ɗan kuɗi a hannu, hanya kuma ta bushe. Magatakarda ya sa ranar cikin littafin ƙungiya, kusa da ranar biyan bashin taki.